Aron Doki Mai Ciwo: A Faɗi Aibi Tun Kafin a Kwance Turke

Garin Illela, wanda ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, an san shi da babbar karar dabbobi mai ci ranar Lahadi, inda shanu da raƙuma da tumaki da jakuna da dawaki ke shigowa daga ƙasar Adar da Arewa da sauran sassan Nijar, dillalai su ƙulla ciniki, manyan motoci su kwasa su nufi kudu. Amma akwai wata hulɗar dabbobi wadda ba ta bi ta kara, babu dillali a cikinta, babu la'ada, babu takarda, ga shi kuwa ta sha raba 'yan'uwa da abokan arziki. Wannan hulɗa ita ce aron doki da ba da shi riƙo, musamman dokin da ke ɗauke da ciwon da ba ya warkewa sarai.

Dalilan da ke sa a ba da doki aro ba ɓoyayyu ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne aka yi masa canjin wurin aiki daga Illela zuwa Sakkwato ko Abuja, gidan hayar da zai shiga kuwa ba shi da filin kafa turke. Ko kuma dattijo ne ya rasu ya bar ingarmansa ga 'ya'yan da ke makaranta, ba mai lokacin yankan ciyawa. Wani kuwa tsadar harawa da dusa da gero ce ta kai shi bango, ga kunyar a ce ya sayar da dokin gidansu. Sai kuma aro na 'yan kwanaki, domin hawan Salla ko hawan angwanci. Abin lura a nan shi ne, lafiyayyen doki ba ya rasa mahayi a gida ko mai saye a kara. Wanda aka fi miƙa wa ɗan'uwa a ce ya riƙe, sau da yawa shi ne wanda shekaru suka fara cimma, ko mai tari, ko mai ɗingishi.

Ba laifi ba ne a ba da irin wannan doki aro, hasali ma sau da dama shi ne gatan da ya rage masa. Dokin da aka fid da rai da shi aka kai kara, galibi mota yake shiga, ƙarshen tafiyarsa kuwa mayanka ce irin ta Obollo-Afor a Jihar Enugu, inda aka daɗe ana yanka dawakin da ake kaiwa daga Arewa. Saboda haka mutumin da ya nemar wa tsohon dokinsa gidan da za a ciyar da shi, a riƙa fita kilisa da shi da yamma, ya yi abin yabo. Inda gizo ke saƙa shi ne ɓoye ciwon. Lalle ne a faɗi aibin doki tun yana kan turkensa, a faɗi iyakar aikin da zai iya, a rubuta, a kafa shaidu. Idan kuwa ciwon mai yaɗuwa ne, to, babu zancen aro ko kaɗan.

IRIN CIWON DA AKE NUFI

Akwai cututtukan da doki ke iya rayuwa da su shekara da shekaru muddin mai kula da shi ya san da su. Na farko ita ce fuka. Ƙura da fumfunar harawa su ke tayar da ita, doki ya riƙa tari, hancinsa ya buɗe, haƙarƙarinsa ya riƙa bugawa ko yana tsaye. Lafiyayyen doki da ke hutawa yana numfashi kamar sau 8 zuwa 16 a minti ɗaya, mai fuka kuwa yakan zarce haka nesa idan ta motsa. Ba a warkar da ita, amma ana kwantar da ita ta hanyar jiƙa harawa kafin a ba shi, da ɗaure shi inda iska ke ratsawa, da hutar da shi lokacin ƙurar hunturu. Wanda bai sani ba zai zuba masa busasshiyar harawa a rufaffen ɗaki, da safe ya ɗaura masa sirdi.

Na biyu shi ne kumburin naman da ke cikin kofato. Yawan hatsi da ƙiba suna cikin manyan abubuwan da ke kawo shi, dokin da ya taɓa yin sa kuwa yana tare da haɗarin komowarsa. Alamarsa ita ce kofato ya yi zafi, doki ya riƙa tsayawa yana jan nauyinsa baya, yana tsoron taka ƙasa mai tauri. A nan alherin mai riƙo shi ne ke zama cuta, domin mutumin kirki da aka ba shi dokin aminsa zai so ya nuna bai yi rowa ba, sai ya cika masa akurki da gero da dawa, alhali abin da ke kashe ƙafafunsa ke nan. Ko lafiyayyen doki ma ba a sake masa abinci dare ɗaya, sai sannu a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, don gudun ciwon ciki.

Na uku shi ne zazzaɓin da kaska ke sa wa doki. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kawo shi, idan ta shiga jinin doki, takan zauna har ƙarshen ransa, ko da ya murmure ya koma cin abinci. Wahalar doguwar tafiya ko aikin da ya fi ƙarfinsa na iya tayar da ciwon, kaskar da ta cije shi kuma tana iya kai wa dawakin sabuwar bargar da aka kai shi. Ga kuma ciwon gaɓoɓi irin na tsufa, wanda tafiyar hankali ke yi wa amfani, amma sukuwa da zamiya ke tsananta shi.

A haɗa waɗannan da yanayin ƙasar Illela, inda zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Ƙaramar Salla ta 2024 ta faɗo cikin watan Afrilu, ta 2025 kuma a ƙarshen Maris, watau a tsakiyar bazara. Dokin da ke fama da fuka, aka ɗora masa sirdi da jalala da sauran kayan ado masu nauyi, aka tsai da shi cikin rana da ƙurar ɗaruruwan kofatai, sa'an nan aka sake masa linzami, ba abin mamaki ba ne ya kife da mahayinsa. Mahayin nan kuwa sau da yawa yaro ne ɗan makaranta, wanda uban ya aro masa doki don ya faranta masa rai.

Daɗin daɗawa, akwai wata mummunar dabara da ta yaɗu tun da magungunan dabbobi suka cika kasuwanni, watau a yi wa doki allurar kashe zafi, irin su fenilbutazon, kafin mai aro ko mai saye ya zo dubawa. Ɗingishi yakan ɓace na kwana ɗaya ko biyu, ciwon kuwa yana nan, sai ma ƙaruwa da yake yi tun da doki ya daina tausaya wa ƙafar. Yawan amfani da irin wannan magani yana kawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Wannan ha'inci ne, ko da ba a karɓi ko kwabo ba.

WANDA BA A BA DA SHI ARO

Ciwo mai yaɗuwa hukuncinsa dabam ne. Akwai wanda ke fitowa da ƙulluma da gyambuna a jere, suna bin jijiyoyin ƙafa da ƙirji da wuya, yana ɗaukar watanni, ƙuda da kayan doki da aka yi tarayya a kansu su ke yaɗa shi. Dokin da ke da wannan, ko mai zubar da majina da zazzaɓi, wurinsa shi ne turkensa, nesa da sauran, har sai likitan dabbobi ya sallame shi.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a tuna musu illar sakaci a nan. A watan Disamba na 2018 murar dawaki ta ɓulla cikin jakunan Jihar Sakkwato, a 2019 kuma ta game ƙasashe da dama, har masu bincike suka ƙiyasta cewa dawaki da jakuna fiye da 66,000 suka mutu a Nijar da Nijeriya da Mali da Senegal da Cadi da maƙwabtansu. Talakan da jakinsa ke ɗebo masa ruwa da kai masa taki gona shi ya fi kowa ji a jika. Ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan, ba ta kuma tambayar ko dabbar da ta hau saye aka yi ko aro. Tun kafin zuwan likitancin zamani, hadisi ingantacce ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwama su da masu lafiya. Ƙa'idar likitocin dabbobi ta yau, cewa a ware baƙon doki mako biyu zuwa uku kafin ya haɗu da na gida, tafiya ɗaya suke yi da wannan.

ABIN DA SHARI'A TA TANADA

Masu ɓoye ciwon doki suna zaton kansu suke karewa, amma wanda ya duba littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Sakkwato zai ga kansu suke cuta. Risala ta Ibn Abi Zaid ta raba kayan aro gida biyu: abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa da kayan ado, wanda mai aro ke biya idan ya salwanta, da abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, wanda ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka. Muhtasar na Shaihu Halil ya ƙara da cewa ko mai dabba ya gindaya sharaɗin biya, sharaɗin ba ya ɗora wa mai aro lamuni. Abin da aka yarje wa mai aro shi ne aikin da aka yi masa izini, ko makamancinsa, ko wanda bai kai shi ba, ban da wanda ya fi shi cutarwa.

To, a nan hujja take. Tun da mai aro ba ya biya sai ya ƙetare iyaka, ashe kariyar mai doki ɗaya ce tak, ita ce ya shata iyakar da bakinsa. Wanda ya ce dokinsa na da fuka, kilisa kaɗai aka yarda, ban da sukuwa, ban da hawan Salla, idan aka saɓa doki ya mutu yana da abin faɗa gaban alƙali. Wanda ya yi shiru kuwa, ya miƙa ragama kamar dokin lafiya lau yake, ya ba da izinin duk abin da aka saba yi da lafiyayyen doki, ranar da ya faɗi ba shi da ta cewa. Ya yi hasarar doki, ya yi hasarar amini.

Har wa yau, a mazhabar Malikiyya aron da aka yanka wa lokaci ko aiki yana lizimtar mai bayarwa har lokacin ya cika. Saboda haka wanda ya ba da doki riƙon shekara guda, daga baya ya ga yana ramewa, zai so a ce tun farko an yi magana a kan ikonsa na zuwa dubawa da na karɓe abinsa in lafiyarsa ta taɓu. Game da ciyarwa kuma, Halil ya kawo maganganu biyu na malamai a kan wanda abincin dabbar aro ke wuyansa. Abin da manyan malamai suka saɓa a kai, ba shi ne za a bar wa zato tsakanin mutum biyu ba, balle kuɗin magani da na kiran likita, waɗanda kan doki mai ciwo ba sa yankewa.

Dokar Ingila ma, wadda kotunan Nijeriya suka gaji tushenta, ba ta bar mai bayarwa haka ba. A shari'ar Coughlin da Gillison ta 1899 an tabbatar da cewa wanda ya ba da abu aro kyauta wajibi ne ya gargaɗi mai karɓa a kan aibin da ya sani. A can Ingila a yau kowane doki yana da fasfo nasa, ƙungiyoyin masu dawaki kuma suna buga takardar yarjejeniyar aro wadda kowa ke iya cikawa. Ba wai sun fi Bahaushe sanin doki ba ne, rigima ce ta koya musu.

IYAKA BA TA DA TABBAS

Illela tana da wata matsala ta kanta. Tsakaninta da Birnin Ƙwanni 'yar tafiya ce kaɗan, dangi ɗaya ne, aure ɗaya, harshe ɗaya, kan iyakar da Ingilishi da Faransawa suka shata a farkon ƙarni na 20 ba ta raba zumunci ba. Ba da doki riƙo a ƙetare abu ne da aka saba. Amma an rufe iyakokin ƙasa daga 1984 zuwa 1986. An sake rufewa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake garƙamewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A watan Janairu na 2025 kuma ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata. Lafiyayyen doki yana iya jiran a buɗe hanya. Mai ciwo kuwa, wanda maganinsa da likitan da ya san shi ke wancan gefe, aron wata uku na iya zame masa na shekara, mai riƙo ya wayi gari da nauyin da bai yi shirin ɗauka ba. Duk yarjejeniyar da za ta tsallaka iyaka lalle ta faɗi abin da za a yi idan hanya ta toshe.

MASU CEWA RUBUTU ƘIN YARDA NE

Za a sami masu cewa kawo takarda tsakanin wa da ƙane, ko tsakanin aminai, cin fuska ne, kuma kakanni sun yi aro da riƙo ba su rubuta kome ba. Wannan magana tana da nauyi, domin kunya da kara suna cikin abin da ke riƙe da jama'a. Amma a tuna, kakannin suna zaune gari ɗaya ne, mai doki yana wucewa ta ƙofar mai riƙo safe da yamma, unguwa duka ta san dokin da tarinsa. Haɓɓanayen Fulani, inda ake ba mutum saniya ya riƙe har ta haihu ya mai da uwar, ya daɗe yana tafiya ne domin sharuɗɗansa sanannu ne ga kowa, jama'a ce takardarsa. Yau mai doki yana Abuja, mai riƙo yana Kalmalo ko Ƙwanni, shaidun sun watse. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba kuwa don ana tuhumar Sahabbai da rashin amana ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wasu kuma za su ce idan aka faɗi ciwon ba wanda zai karɓa. Wataƙila mai neman dokin sukuwa ya ƙi, wannan kuwa alheri ne ga kowa. Amma akwai dattijon da ke son dokin da zai kai shi gona ya komo da shi a hankali, akwai mai son ya ga doki a ƙofar gidansa yana samun taki. Faɗin gaskiya ba ya hana doki samun gida, sai dai ya zaɓar masa gidan da ya dace. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi: ciwon da aka rufe ranar bayarwa, shi zai bayyana kansa ranar hawa, gaban jama'a.

Takardar da ake magana ba ta bukatar lauya. Shafi ɗaya ya isa, da boko ko da ajami. A rubuta kamannin doki, ko akawal ne ko kili ko bidi, da shekarunsa da tabonsa. A rubuta ciwonsa kamar yadda likita ko malamin dabbobi ya gani da idonsa ranar bayarwa. A rubuta abin da yake ci da abin da ba a ba shi, aikin da aka yarda da wanda aka hana, da wanda zai hau. A rubuta mai biyan abinci da mai biyan magani, ranar mayarwa, ikon mai doki na dubawa da karɓewa, da cewa ba a ba wani na uku, ba a kuma kai shi kara. A ƙarshe a faɗi wanda ke da ikon yanke shawara idan ciwo ya kai inda barinsa da rai azaba ce. Mai unguwa ko hakimi da shaidu biyu su sa hannu, a ɗauki hoton dokin da na takardar a waya, kowa ya riƙe nasa.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan hukuma. Ya kamata sashen kula da dabbobi na Ƙaramar Hukumar Illela ya buga irin wannan takarda da Hausa, a ajiye ta a kara da fadar hakimai. Ya kamata ma'aikatan da ke duba dabbobi a bakin iyaka su ba doki da jaki kulawar da suke ba shanu, tun da Dokar Hana Yaɗuwar Cututtukan Dabbobi ta 2022 ba shanu kaɗai ta sani ba. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa a Sakkwato, ɗalibanta za su ƙaru ƙwarai, jama'a su ƙaru, idan aka riƙa kai su duba dawaki a garuruwan iyaka makonni kaɗan kafin kowace Salla. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024 ita ma kada ta manta da dabbobin hawa da na aiki. Masarautu kuwa, waɗanda hawa ke hannunsu, suna iya hana duk dokin da ke ɗingishi ko haki shiga sahu. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Salla na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Al'adar da duniya ta yaba bai kamata a riƙa ɗora ta a bayan dabbar da ke wahala ba.

Ma'aikaci ko ɗalibin da ya gaji doki, ko aka miƙo masa ragamar na wani, shi ya fi kowa cancantar fara wannan gyara, domin shi ke da alƙalami a aljihu. Ya tambaya kafin ya karɓa, ya faɗa kafin ya bayar. Doki ba ya da bakin faɗin inda ke masa ciwo, mai shi ne bakinsa, kuma amanar ba ta sauka daga wuyansa don kurum an sake masa turke. In kunne ya ji, jiki ya tsira.